Daminar da Na Hana a Ɗura wa Ƴata Kunu

Ɗana na fari bai kai ga zama ba ya rasu, kuma har aka kai shi makwancinsa ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane na yi masa wasa ba. A ƙauyen mijina, can gefen Falanko, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In ya yi kuka kina tsakar gida, sai ki ci gaba da dakanki kamar ɗan maƙwabta ne ke kuka, har sai uwar miji ta gaji ta ce ki zo ki ba shi. Nan ma ba da gudu ba. Ki ja ƙafa, ki karɓe shi kina kallon bango, ki shige ɗaki. Ni kuwa na iya wannan kunyar fiye da ƴan ƙauyen. Har yabona ake yi, wai ƴar boko ce daga Tanut amma ta san ya kamata, ni ko kaina sai ƙara girma yake yi.

Da yake ba na zuwa da wuri, yaron ya zama na Inna, uwar mijina. Tana son jikan nan kamar ranta, wannan ba zan ƙaryata ba. Wata biyu da ɗan abu yana duniya ta fara yi masa ɗure. Takan kwantar da shi a cinya, ta kafa tafin hannunta a bakinsa, ta tsiyaya ruwan kunu a ciki, ta toshe masa hanci da yatsa. In ya buɗe baki neman numfashi, kunun ya wuce. Ina gani da wutsiyar ido, yana harba ƙafafu, ina surfe. Da zafi ya tsananta sai zawo da amai suka kama shi. Kafin amalanke ta kai mu gidan likita ya riga ya yi laushi.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba magana ta fara yawo a bakin rijiya, wai nonona ne ba shi da kyau. Babu wadda ta ce kunu. An ce nono mai zafi ne, irin wanda ke tsinka cikin yaro. Na ji, na haɗiye, don a lokacin ko kukan kirki ba a yarda in yi ba.

Ƴata ta zo a tsakiyar bazara, bayan shekara biyu. Tun ina da cikinta wata ma'aikaciyar gidan likita a Tanut ta ce mana kada a ba jariri komai sai nono har wata shida, ko ruwa. Matan da ke zaune a benci suka kwashe da dariya, a ƙasar da babba ma ke suma don ƙishi. Ba zan ce na gaskata ta gaba ɗaya ba. Amma ni na ga tafin hannu da toshe hanci, na kuma ga inda suka kai ni, saboda haka na riƙe maganar a raina ban gaya wa kowa ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito, noman fari ya matso. A gidanmu in mata za su gona, jarirai wurin tsofaffi ake barinsu. Wata safiya ina ɗaura zane sai ga Inna da tsohuwar ungozomar ƙauyen, ɗaya riƙe da ludayi, ɗaya da tsinke.

"Zauna, ƴar nan," in ji Inna. "Tatso mana kaɗan a nan, a gwada."

Na san gwajin. Ana tatsa nono a ludayi a jefa cinnaka a ciki. In ta fito da ƙafafunta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, shi ke nan, a raba yaro da mama a koma nonon akuya da kunu. Na zauna, na tatsa. Ungozoma ta ɗauko cinnaka a kan tsinke ta kaɗa ta ciki. Muka sunkuya mu uku muna kallon ƙwaro yana fafutuka, ƴata kuma na barci a kan tabarma, bakinta na motsi. Nan na tambayi kaina. Wato cinnaka ce za ta yanke mini hukunci? Na sa hannu na kifar da ludayin a kan yashi.

Ungozoma ta yi salati. Inna ta riƙe haɓa.

"Me kika yi haka?"

"Inna, ki yi haƙuri, amma ba za a gwada ba. Kuma ba za a ɗura mata komai ba, ko kunu ko ruwa, sai ranar da na ce."

"Sai ranar da kika ce? Ke? Ƴaƴa bakwai na raina a gidan nan kafin a haife ki."

"Na sani, Inna. Wannan dai tawa ce."

"To in wani abu ya same ta, ki san da bakin da za ki yi wa ubanta bayani."

Na ce na ji. Na saɓi yarinyar na goya, na ɗauki hauyata na bi sawun mata. Sai da na fita bayan gari na tsuguna a gindin wata aduwa na yi kukan da ban yi ba shekara biyu. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni kaina ban sani ba ko nonon nawa lafiyayye ne. Tsoro nake ji cinnakar ta mutu, shi ya sa na kifar.

Duk daminar nan da goyo na yi noma. In rana ta ɗaga na ɗaura zane tsakanin reshe da ƙotar hauya in kwantar da ita a inuwa, in ta motsa in jefar da aiki in zo. A gaban kowa nake zama in ba ta, maza na wucewa da shanu, ko a jikina. Na shafa wa idona toka, na huta. Gayaunata, ƴar gonar da aka yanka mini, ta fi ta kowa ciyawa a shekarar, mata suka samu abin tsokana, wai geron ƴar boko shi ma sai ya cika wata shida kafin a nome shi. Nakan ce musu gero in ya lalace ana sake shuka wani baɗi.

A gida kuwa Inna ta ɗauke mini wuta. In na gaishe ta sai ta amsa wa akuya. Maigidana ya shiga tsaka mai wuya, ya zo yana lallashina wai ko cokali ɗaya ne in bari a ba yarinyar don a zauna lafiya. Na ce masa cokali ɗaya aka fara da shi wancan karon. Bai sake tayar da zancen ba, amma bai goyi bayana a fili ba, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kan haka. Ko wanka zan shiga, da ƴata nake zuwa, in shimfiɗa ta a bakin zana inda zan riƙa jin motsinta. Sau ɗaya jikinta ya yi zafi, na wuni ina leƙa tsummanta ina addu'a, Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana kallona. Washegari zazzaɓin ya sauka. Ban taɓa jin tsoro irin na wunin nan ba.

Da kaka ta yi, aka fara ɗaure dammuna, yarinyar ta zauna daram, cinyoyi duk sun yi ninki. In ina cin tuwo sai ta bi lomar da ido tun daga kwano har bakina, ta kai hannu. Sai na surfa sabon gero, na niƙa shi lukui, na dama kunu da ɗan tunkuzar gyaɗa, na zauna a tsakar gida inda kowa zai gani. A zaune na ba ta, da ƙaramin cokali, hancinta a buɗe. Ta yamutsa fuska, ta tofar da rabi a zanena, sannan ta sake buɗe baki da kanta.

Inna ta taso daga inda take tsinkar yakuwa ta tsaya a kanmu. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Na zaci za ta ce kunun ya yi kauri, na ma shirya amsa. Sai na ji muryarta ta canza.

"Da kin yi wannan taurin kan a kan wancan," ta ce.

Cokalin ya tsaya a hannuna. Na ɗaga kai na dube ta ido cikin ido, abin da suruka ba ta yi. Idanunta sun cika da ƙwalla, amma ban ji tausayinta ba a lokacin, sai daga baya.

"Wa ya koya mini kau da kai, Inna? Wa ya riƙa yabona a kai?"

Na ƙara da cewa:

"Kuma ba wancan ba ne. Yana da suna."

Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko yana raye ko ya mutu, kuma ni ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa. Na faɗe shi a tsakar gidan nan da ƙarfi, har matan da ke sussuka a bayan zana suka tsayar da taɓarensu.