Baba Mika da Shamuwar Titin Jirgi

Kafin rana ta gama fitowa, Baba Mika Shago ya riga ya tura kekensa ta tsakanin gonakin ƙauyenmu, a nan ƙasar Ungogo, ya nufi wata ƙaramar ƙofa da ke jikin shingen wayar filin jirgi. Rigar aikinsa ruwan ɗorawa ce, duk ta koɗe. A kafaɗarsa akwai bindigar da ba a sa mata harsashi, ƙara kawai take yi. A ƙugunsa oba-oba, 'yar rediyon da ma'aikata ke magana da juna, a bayan keken kuma buhu da 'yar fartanya. Aikinsa shi ne korar tsuntsaye daga titin da jirage ke sauka da tashi. Wanda bai sani ba sai ya yi dariya. Amma tsuntsu guda, idan ya faɗa cikin injin jirgi, ya isa ya sa a juyo da ɗaruruwan mutane ƙasa, in an yi sa'a ke nan.

Yakan bi gefen titin a ƙafa, idonsa rabi a ƙasa rabi a sama. Inda ruwa ya kwanta ya buɗa masa hanya don kada balbela ta taru. Inda ya ga mushe ya ɗauke kafin shirwa ta hango. Tsuntsun da iskar jirgi ta kaɗe kuwa ba ya jefar da shi. Yakan sa shi a buhu, ya kai shi gindin waya, ya tona rami ya binne. Haka ya yi ta yi tun gashinsa yana baƙi, har zuwa watan jiya da ya ajiye aiki.

Daga ƙasar Shanono ya zo mana, shi da maiɗakinsa Elizabet, ya samu gona a jikin shingen ya zauna. Mutanen ƙauye sun daɗe ba su san yadda za su ɗauke shi ba. Ba shi da yawan magana, kuma ƙarar jirage ta taɓa masa kunne, sai a gaishe shi ya wuce bai amsa ba. Ga hankaki da ke bin kekensa da yamma, suna tashi daga bishiya zuwa bishiya har ƙofar gidansa, ba kuka, ba hayaniya. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa akwai abin da ke tsakaninsa da tsuntsaye. Da maganar ta kai kunnensa, dariya ya yi.

"Ni ranar Lahadi coci nake zuwa," in ji shi. "Su kuwa buhun suke bi, sun san abin da nake sawa a ciki."

An yi dariya, amma ba kowa ne ya saki jiki ba.

Sai shekarar korona ta zo, aka rufe filin jirgi. Mu da aka haife mu a ƙarƙashin hanyar jirage mun saba dakatar da magana a tsakiya, mu jira rugugi ya wuce, mu ɗora daga inda muka tsaya. Rana ɗaya aka ɗauke mana wannan. Shirun ya yi nauyi. Kana zaune a tsakar gida sai ka ji tarin mutum daga wata unguwa. Tsofaffi sukan yi shiru a tsakiyar zance, suna jiran jirgin da ba zai zo ba. A wannan lokacin ne kuma mutuwa ta shigo mana. Hanyar maƙabartarmu ta bi ta jikin shingen, kuma da wuya rana ta faɗi ba a wuce da makara ba.

An sallami yawancin ma'aikata su zauna a gida, an bar tsiraru. Baba Mika yana cikin waɗanda aka bari. Masu rakiyar gawa sun sha hango shi ta cikin waya, shi kaɗai a wannan makeken fili, rana tana kaɗa kwalta har ya zama kamar ba ƙasa yake takawa ba. Idan ya hangi makara sai ya tsaya cak, ya cire hularsa, ba zai motsa ba sai na ƙarshe ya wuce. Jirage kuwa suna jere can nesa, an toshe bakin injinansu da jan murfi. Zabin daji suka fara kiwo a kan titi. An ga dila da rana tsaka yana zaune a kan farin layi, yana kallon mutane.

Da damina ta kawo kai, shamuwa suka iso. Kowace shekara suna zuwa, kuma ba mai taɓa su, ai baƙi ne masu zuwa da ruwan sama. Amma ba a taɓa ganin irin na wannan shekarar ba. Maimakon su watsu a kan bishiyoyin ƙauyuka, sai suka sauka a filin. Inna Hure, wata dattijuwa da gonarta ke maƙwabtaka da ta Baba Mika, ta ce mini ranar da ta fara ganinsu ta ɗauka jama'a ce ta taru. Baƙaƙe, cikinsu fari, sun jeru sahu-sahu a kan kwalta iya ganin ido, duk sun fuskanci gabas. Shamuwa ba ta kuka. Dubbai ne a tsaye, amma ko motsin kirki ba ka ji.

Ranar da abin ya faru cikin azumi ne, bayan azahar. Malam Abdulkabir, wanda ke aiki a hasumiyar da ake magana da matuƙa, shi ya ba ni wannan ɓangaren. Wani jirgi ne ya kwaso 'yan ƙasa da kulle ya rutsa da su a waje, zai kai su wani gari. Hadari ya rufe garin, matuƙin ya yi ta kewaye har mansa ya yi ƙasa, sai ya nemi a sauke shi a Kano. Ba inda zai iya kaiwa bayan nan. Abdulkabir ya leƙa ta gilashi, ya ga titin ya yi baƙi ƙirin. Ga kuma namu hadarin yana haɗuwa daga gabas.

Ya ɗauki oba-oba. "Baba Mika, kana ji na? Jirgi na zuwa."

"Wane jirgi, Malam?"

"Mai mutane. Ba shi da man da zai jira mu. A share mini titin nan, don Allah."

Baba Mika ya harba bindigarsa. Motar 'yan kwana-kwana ta bi titin tana jiniya. Tsuntsayen suka ɗan ɗaga, suka bar motar ta wuce, suka sake sauka a bayanta kamar ruwan da aka tsaga da sanda. Abdulkabir ya ce gara ma su zauna da su riƙa wannan ɗagawar, domin idan suka tashi a daidai hancin jirgi, an gama. Ya ce yana kallon Baba Mika ya tsaya a tsakiyarsu, sun kewaye shi, ba wanda ya ja da baya. Sun manta tsoron mutum.

Can sai muryar Baba Mika ta shigo. "Malam, iskar nan ina take kai hayaƙi idan an kunna wuta a bayan waya, ta wajen gonata?"

Abdulkabir ya duba ya ce, "Nesa da titi take kai shi. Me za ka yi?"

"Zan kira su cin abinci. Amma ka sani motar kashe gobara ba za ta bar jirgi ta zo gona ba."

"Ba za ta zo ba, Baba."

"To, shi ke nan."

Duk manomi ya san shamuwa na bin wutar daji, saboda farar da ke tashi daga ciyawa. A gefen gonar Baba Mika akwai wani kwari da ya bar busasshiyar ciyawa a ciki don jinkar ɗakinsa, ga tarin karan dawa da harawar awakinsa duk a wurin. Nan ya nufa a kan keke. Ya tarar da Inna Hure tana watsa taki a tata gonar.

"Inna, zan sa wuta. Tana iya tsallakowa wajenki."

"Wuta, Mika? Da wannan iskar?"

"Akwai mutane a sama. Ba su da wurin sauka."

Ta ɗaga kai ta ga ba komai sai baƙin hadari. Ta ce mini a ranta ta ɗauka abin da ake faɗa a kansa ne ya tabbata, ko kuma shirun ya taɓa masa kai. Amma ta dubi fuskarsa, ta ɗauki kwandonta ta matsa.

"Sa," ta ce. "Allah Ya sauke su lafiya."

Ciyawar ta kama nan take. Fara ta yi sama, hayaƙi ya miƙe. Da farko ba abin da ya motsa a filin. Sannan, in ji Inna Hure, sai ta ga sahun farko sun juya kawunansu gaba ɗaya, kamar an kira sunansu. Suka tashi. Na biyu suka bi, na uku suka bi. Ba ka jin komai sai ƙarar fukafukai, irin ta zannuwa da yawa da ake kakkaɓewa lokaci ɗaya. Ni ina gida a lokacin. Na ga inuwa ta bi ta kan tsakar gidanmu, gari ya yi duhu, kaji suka shige akurki. Mahaifiyata ta fara salati.

Suka sauko a bakin wutar, suka cika gonar Baba Mika da ta Inna Hure, suna takawa a cikin hayaƙi suna tsintar fara. Shi kuma yana tsakaninsu da ɗanyen reshen darbejiya, yana dukan harshen wutar duk inda ta nufi gidajen mutane. Iska ta juya sau ɗaya, ta watsa masa wutar a hannun dama. Bai saki reshen ba.

Daga nan muka ji abin da muka yi makonni ba mu ji ba. Rugugi, can ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa. Jirgin ya ɓullo daga ƙarƙashin hadari da fitilunsa a kunne, ya yi ƙasa har kana ganin tayoyinsa. Yaran da suka tashi da wannan ƙarar, sun riga sun manta da ita, suka ruga ɗaki suna kuka. Ya taɓa kwalta, ya yi gudunsa, ya tsaya. Ko gashin tsuntsu ɗaya bai taɓa ba. Ba a jima ba ruwa ya kece, ya kashe abin da ya saura na wutar.

Fasinjojin sun sauko da takunkumi a fuska, ba mai tarbarsu, aka zuba su a motoci aka tafi da su. Baba Mika bai ga fuskar ko ɗaya ba, su ma ba su san da shi ba. Daminar nan ɗakinsa ya yi ta yoyo, awakinsa suka rame, kuma har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Elizabet ta ce ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Matasan ƙauye ne suka haɗu daga baya suka yi masa jinka.

Baba Mika, kai ne makiyayin abin da ba a ɗaure wa igiya. Kai ne ka tsaya wa makarar da ba ta addininka ba, ka ƙona abincin dabbobinka saboda baƙin da ba ka san sunansu ba. Mun zauna kusa da kai shekara da shekaru muna ƙus-ƙus, kai kuwa kana can kana tsare mana sama.

Na je gaishe shi bayan ya ajiye aiki. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Sai da na ɗaga murya kafin ya ji tambayata: ko ya ji tsoro ranar?



"Ba wutar ce ta ba ni tsoro ba," ya ce. "Tun kafin ranar nake jin tsoro. Kullum ina tsaye a cikin shamuwar nan, ga makara na wucewa ta bayan waya, ga su suna ƙaruwa. Sai na fara tunanin ko mun ƙare ne, an ba su wurin. Da Malam ya ce jirgi na zuwa, mai mutane, wallahi daɗi na ji. Na ce ashe da sauranmu."

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba hannun nan sauƙi, Ya sa ka huta lafiya a cikin iyalinka. Ku kuma da kuka karɓi aiki irin nasa, wanda ba a gani sai ranar da aka fasa yin sa, ku riƙe shi kamar yadda ya riƙe. Ku je bakin aiki, ko da ba mai duba ku, ko da an rufe ƙofa, ko da gari ya yi tsit. Ba a sanar da mutum ranar da za a kira shi a ce akwai mutane a sama.