Goyo bayan aikin gwiwa

Jijiyar gwiwata ta hagu ta tsinke ne ranar da na faɗo daga mobilet, ƙaramin babur, a hanyar Tourou. A Kotonu aka yi min aiki, na dawo gidanmu na Parakou da sanduna biyu. Lokacin ɗiyata tana da wata bakwai.

Ciwon ya warke, na ajiye sandunan, amma cinyar ta rame. Na sa zare na gwada ta da ta dama, sai na ga ta ragu da faɗin yatsa uku. In ina tafiya ba na yarda gwiwar ta lanƙwasa, sai in miƙar da ita kamar icce, in jefa nauyina kan ɗayar. Sau biyu ta goce min a dokin ƙofa. Daga nan na daina goyon yarinyar. Ko a hannu ba na ɗaukarta sai a zaune.

Likita ya ce, "Madam, gwiwar nan ta riƙe. Naman cinya ne ya yi barci, shi ke tare ki in kin taka."

Ya koya min ɗaga ƙafa a kwance da buhun yashi a idon sawu. Na yi watanni ina yi, amma tsoron bai tafi ba.

Da na je Djougou ganin gida, ƙanwata ce ta sauko da yarinyar daga mota. Inna ta bi tafiyata da kallo har na zauna.

"Yaushe rabon ki goya ta?"

"Tun kafin aikin, Inna. In na faɗi da ita fa?"

Washegari da hantsi ta share tsakar gida, ta tsince duwatsu, ta ɗora min yarinyar a baya, ta ɗaure zanen da kanta.

"Daga nan zuwa rijiya. Ina bayanki."

Gumi ya jiƙe min riga. Cinyar na rawa, ina jin tafin Inna a ƙarƙashin yarinyar.

"Dunduniya tukuna," in ji ta. "Sake gwiwar, ba sanda ba ce."

Na kai rijiya na dafa bakinta. Dawowa kam na kasa, sai da aka kwance min yarinyar. Kwana tara muka yi muna haka. A mota, da za mu koma Parakou, ƙanwata ce dai ta riƙe yarinyar, amma ranar Juma'ar da ta biyo baya, ni na goya ta zuwa gidan maƙwabta.