Kujerar Goggo Hajara

Duk wanda ya san Goggo Hajara a Alƙahira ya san kujerarta ta roba. Da ita take shiga jirgin ƙasa na metro, fasinjoji na tsaki, ita ko a jikinta. Ni 'yar ƙaninta ce, na sha ɗaukar kujerar nan har kafaɗata ta gaji.

Asalin abin, lokacin da ta shiga jami'a a Giza, ita kaɗai ce baƙar mace a ajinsu, wani malami ya ce mata babu wurin zama. Washegari ta zo da nata, ta dasa a gaban teburinsa.

"Kujera ya ce babu, ai bai ce karatu ne babu ba!"

Gidan ɗalibai mata na unguwar Ainu Shams da ƙungiyarmu ke shirin saki yanzu, kun san yadda aka same shi? Mai gidan cewa ya yi ba ya ba baƙaƙe haya. Goggo ta zauna a ƙofarsa tana ɓare gyaɗa, duk wanda ya wuce ta yi masa sallama ta ba shi labari. Da mutumin ya ga har limamin unguwa ya tsaya saurare, ya fito a guje yana ba ta haƙuri da Larabci.

"Ma'alish ya Hajja, tashi!"

"Khalas, shi ke nan, na tashi. Ina makulli?"

Ku ma 'yan ƙungiya ba ta ƙyale ku ba. Da aka yanke cewa mata su dafa shinkafa maza su yi taro, ita ta karɓi tukunyar, ta ƙona ta ƙurmus, ta kawo da fara'arta.

"Yalla, bismillah! Gobe ma ni zan dafa."

Tun daga ranar mata ke zama a taro.

To yanzu da ta rasu, wai za a karrama ta! An buga ƙaton hotonta, an sayo lemo, sannan a ce wa yaran gidan su nemi wani wuri ana tsakiyar jarrabawa. Wallahi abin ya ƙona min rai. Ku riƙe hotonku, ku bar musu gidan. Haƙurina bai kai nata ba, ita ma kun san ba ta da shi.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya yalwata makwancinki. Yaran da kika sama wa wurin kwana, Allah kada ya sa su kwana a titi.