Jinkirin Gaspard

Shekara talatin da ɗaya Odile Vasseur tana kunna wasan wuta na bikin ƙasa na sha huɗu ga Yuli a garin Nevers, amma ba ta taɓa kallon makaɗan bikin ba. Takan tsaya bakin kogi da na'urarta ta kunna wutar, ta ba su baya, tana jiran bugun ƙarshe na babbar ganga. Mijinta Gaspard ne mai gangar. Da ya buga sai ta danna, sama ta kama da wuta.

Kullum bugunsa yakan makara da numfashi guda.

Takan ce masa, "Kai dai ko ranar aurenmu sai da ka makara."

Shi kuma ya ce, "Ai kin jira."

A watan Maris aka binne shi. Bana aka kawo wata gwanar kiɗa daga garin Lyon, ta buga gangar daidai kan lokaci. Sama ta yi shiru. Sai da numfashi guda ya wuce sannan Odile ta danna.

Washegari mai shirya bikin ya ce, "Madam Odile, jiya kin makara."

Ta ajiye masa makullin na'urar, ta ce, "Mai gangar ce ta yi sauri."