Tumatir Ɗanye a Jikin Gwangwani

Tun yana ɗan shekara tara ake ce masa Tawada, saboda ba a raba yatsunsa da tabon biro. Yayarsa ce ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Tela ce, keke ɗaya gare ta a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. In ta aike shi sayen jan zare, sai ya dawo mata da kore ko ruwan ƙasa. Ta ja masa kunne, ta ce hankalinsa yana wajen wasa, shi kuma ya yi ta rantsuwa cewa irin wanda ta nuna masa ya kawo. Da ta gaji sai ta daina aikensa.

Abin da ya iya shi ne zane da fensir. In ya zana harafi sai ka rantse inji ne ya buga. Saboda haka da ya gama sakandare Yaya ta tsaya kai da fata sai ya shiga kwaleji, sashen ɗab'i da zane-zane.

Sashen yana can ƙarshen makarantar, dogon ɗaki mai warin kananzir, da tsohon inji guda a tsakiya. Kwamfuta goma sha biyu ne a jikin bango, huɗu ke tashi, ɗalibai suna bin layi a kansu. Tawadar da makaranta ke saye kuwa baƙa ce kawai. Darasin haɗa launi a allo ake yin sa da alli: malami ya rubuta lambobi, ya ce kaza da kaza su ke ba da ja, su kwafe. Tawada ya haddace lambobin tsaf. Ya ƙware a tsara shafi da daidaita tazarar haruffa, yana naɗe babbar takarda ta fito shafi goma sha shida ba tare da ko ɗaya ya karkace ba. Shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Yaya ta sa takardar shaidarsa a gilashi, ta rataye sama da kekenta.

Bai yi wata biyu a gida ba wata maɗaba'a ta ɗauke shi. Fom ne da takardun jarrabawa ya fara yi, duk baƙi da fari, maigidan yana ta yaba masa gaban ma'aikata. Ana nan sai wani mai kamfanin tumatir ya kawo gwangwani ɗaya, ya ce a buga masa takardar jikinsa daidai da wannan. Maigida zai yi tafiya, ya bar aikin a hannun Tawada. Ya ajiye gwangwanin a gabansa, ya yi ta dama tawada a kan gilashi har idonsa ya ce masa ta yi daidai. Mai jan inji ya ga abin da ke fitowa, amma ya ci gaba da bugawa, a ganinsa wanda ya yi kwaleji ya san abin da yake yi.

Ranar da mai tumatir ya zo karɓa, ya ga tumatirin jikin takardar ya fito kore, dariya ya fara yi, ya tambaya ko an ce musu ɗanyen tumatir yake sayarwa. Maigida ya ɗauko gwangwanin ya jera shi da takardar.

“Dubi wannan, ka dubi wannan. Ɗaya suke?”

“Ɗaya suke, maigida.”

Maigida ya daɗe yana kallonsa. Bai yi faɗa ba, ya ce ya je asibitin ido.

Likita ya buɗe masa wani littafi cike da ɗige-ɗige, ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Tawada bai ga lamba ba. Likita ya ce idonsa ba ya bambance ja da kore, da abin aka haife shi, kuma babu maganin da zai gyara. Da ya gaya wa Yaya, sai ta ɗauke ƙafa daga keke, ta ce, “Ashe gaskiya kake faɗa, ƙanina, nake jan kunnenka.” Ranar ba ta ƙara ɗinki ba.

Maigida bai kore shi ba, ya mayar da shi wajen yankan takarda. Tawada ya nemi aiki a wasu wurare, amma labarin tumatir ya riga shi isa ko'ina, har ana ce masa Ɗanye a bayan idonsa. Ya koma kwaleji ko za su ɗauke shi koyarwa, ya tarar an cika ɗakin da sababbin kwamfutoci, an fitar da tsohon injin waje. Sabon shugaban sashen ya saurare shi da kyau, ya ce yanzu komai da launi ake yi.

Shekara goma sha tara ke nan yana tsaye gaban wuƙar yanka. Ya yi aure, yana da 'ya'ya mata uku. Wani lokaci yakan hango shafin da wani ya tsara a karkace, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, don babu mai tambayarsa.

A watan jiya maigida ya sayar da maɗaba'ar, tsufa ya kama shi. Sabon mai wurin ya sayo injin da ke yanka ya naɗe da kansa, ya ce kowa ya kawo takardunsa a duba. Tawada ya kai tasa. Mutumin ya juya ta gaba da baya, ya ce ai wannan karatun ya tsufa, amma ya riƙa leƙowa. Tawada ya leƙa sau uku. A na ukun maigadi ne ya tare shi a ƙofa, ya ce mai wurin ba ya nan.