Turare a Ɗakin Na'urori

Shivaram Hegde bai iya zama ba, ko shayi a tsaye yake sha. Ya fara sana'arsa a birnin Maisuru na Indiya yana hawan bishiyar kwakwa da naɗin waya a kafaɗa, yana haɗa kwamfutocin shaguna da juna, mutane suna ce masa mai gyaran talabijin. Da na gama jami'a bana na shiga kamfaninsa, rabin makarantu da asibitocin garin ta na'urorinmu suke samun intanet. Yana kuma da abokan jari daga Bangalor da suka ƙosa su ga ya sauka.

Sai ranar Ayudha Puja ta zo, ranar da kowa ke wanke kayan aikinsa, ya rataya musu furanni, ya yi musu turare. Maigida Shivaram ya ce na'urori ma sai an yi musu.

Na ce, "Maigida, ɗakin nan ba ya son hayaƙi."

"Ji ɗan boko. Tun ba a haife ka ba suke ciyar da ni. Riƙe mini faranti."

Na riƙe. Hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, wutar lantarki ta yanke kanta. Har la'asar babu intanet. Wani asibiti sai da ya koma rubuta sakamakon gwaji da hannu.

Washegari abokan jarin suka kira ni. Shugabarsu, Madam Kamath, ta tambaye ni wa ya kunna turaren. Idan na ce shi ne, kujerarsa ta tafi. Idan na ce ni ne, aikina. Kafin in yi magana Maigida ya turo ƙofa.

"Ku ƙyale yaron nan, ko ashana bai iya ƙyastawa ba. Ni ne. Baɗi ma zan yi."

A ranar suka sauke shi.

Tun daga nan ko kiran waya na ji sai gabana ya faɗi. Jiya shi ne ya kira, daga wani ƙauye a hanyar Kodagu, ina jin iska tana kaɗawa a bayansa. Ya ce makarantar ƙauyen ba ta da layin intanet, har ya sayi wayar da za a ja.

"Ka iya hawan kwakwa?"

"Ban iya ba, Maigida."

"To me suka koya maka a jami'ar? Motar safe za ka shiga."

Mahaifiyata ta ce kada in kuskura in bar aiki mai albashi in bi tsohon da aka kora. Na ce mata to. Amma jakata tana bakin ƙofa, sai in kwance ta in sake ɗaurewa.