Jitar da Ba Ta Bushe Ba

A layin masu gyaran mota, in ka tambayi rumfar Sai-Ya-Bushe ko mai sayar da ruwan sanyi zai nuna maka. Mai fentin mota ne, shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da bindigar fenti, kuma amsarsa ɗaya ce ga duk mai gaggawa. Ka ce gobe za ka yi tafiya, ka ce surukinka ke jiran motar, ka yi rantsuwa har muryarka ta dishe, shi dai zai kai hancinsa jikin ƙofar motar ya shinshina, ya ɗago ya ce, "Sai ya bushe." Hancin nan shi ne ma'auninsa. Muddin da sauran warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, a jikin ƙofar, mota ba ta fita, ko ta wane ce. Direbobi sun zage shi a bayan ido, sun kuma dawo masa da motocinsu, domin ba a taɓa ganin ko sawun ƙuda a aikinsa ba.

Mutane sun ɗauka da haƙurin nan aka haife shi. Ina! A ƙuruciyarsa babu sarkin rawar kai kamarsa. Yayansa ne mai sanyin gidan, dogo, mai kaɗa jitar lantarki a wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a ɗakunan taro. Jitar ja ce mai duhu, kamar garwashin da ya fara kwanciya. In Yaya yana gwaji a ɗakinsu na sama, ƙanen yakan zauna a matakala ya manta da abincinsa har ya huce.

Wata Asabar da la'asar ƙungiyar za ta yi wasa, shi kuma ga mota a gabansa bai gama ba. Ya roƙi Yaya ya riƙe masa wani ƙarfe a ƙasan motar don su yi sauri su tafi tare. Ya ɗaga ta a kan jak, bai tsaya ya sa katakon tokare ba, wai ai minti biyu ne. Jak ya zame. Yatsu biyu na hannun hagun Yaya, na tsakiya da mai bi masa, a asibiti aka baro su. Su ne kuwa yatsun da ke danna tsirkiya a wuyan jita.

Da Yaya ya zage shi, ko ya ɗauke masa gaisuwa na shekara guda, da ya fi masa sauƙi. Bai yi ba. Ya ce ƙaddara ce, ya kyautar da jitar ga wani abokinsa, ya sami aikin tsaron sito a wani kamfanin siminti, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya. Shekara ashirin da shida suna haɗuwa duk ƙarshen mako su sha shayi, su yi hirar ƙwallo da tsadar kaya, ba wanda ya taɓa ambaton jita. Amma Sai-Ya-Bushe yana lura. In aka sa kiɗa a rediyo, ragowar yatsun nan uku sukan motsa a kan gwiwar Yaya, sai ya yi maza ya rufe su da ɗaya hannun. Shi kuwa ƙanen kewar kiɗan nan ta zame masa ciwo. Yana so ya sake ji ko sau ɗaya ne, yana kuma ganin shi ne mutum na ƙarshe a duniya da ke da bakin roƙon hakan.

Dabarar ta zo masa ne a bakin aiki. Ya gama goge ƙofar wata baƙar mota har tana ɗaukar ido, ya ga kansa a ciki. Tsumman yana hannunsa na dama, amma mutumin da ke cikin ƙofar da hagu ya riƙe shi. Ya tsaya sororo. Hannun daman Yaya ai lafiyarsa ƙalau, yatsu biyar cif. Na hagun kuma akwai babban yatsa da manuniya, sun isa riƙe ɗan robar kaɗawa. Abin da ake bukata kawai jita ce ta bahago, a juya komai. Shekara ashirin da shida, kuma sai ƙofar mota ce ta gaya masa.

Da ya kai wa matarsa maganar tana kan keken ɗinkinta, ko tsayar da ƙafa ba ta yi ba.

"Baban yara, a bar kaza cikin gashinta. Mutum ya rufe ciwonsa, kai kuma za ka je ka fama masa?"

"Bai rufe ba. Ni nake ganin hannunsa."

"To ka saya masa a shago mana."

"Na zaga. Babu ta bahago ko ɗaya. Kuma ko akwai, ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce, "Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa a miƙe ba." Amma ita ce ta hau kujera ta sauko masa da tsohon akwatin jitar Yaya daga saman kabad, wanda ta daɗe tana ajiye barguna a ciki. Shatin jitar yana nan kwance a jikin ƙyallen akwatin. Ya shimfiɗa takarda ya bi shatin da fensir, ya yanke, ya kife takardar. Ga jitar bahago.

Ɗakin ajiya na bayan kicin ya zama wurin aiki. Ya sayo allon kan wani tsohon gado a wurin masu gwanjo, katako mai nauyi da ya shekara arba'in yana bushewa. Ya yanka da zarto, ya bi da kurfi, ya fafe ramukan da maganaɗisu da wayoyi za su zauna. Sai da ya gama tsaf ya ɗaga yana yaba kansa, sannan ya ga a fuskar da ba ita ba ya fafe. Idonsa ya saba da jitar Yaya, hannunsa ya bi idon. Jitar dama ya sassaƙa, kyakkyawa kuwa. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓe katakon ta mayar da shi abin ɗora tukunya mai zafi. Ya koma wurin masu gwanjo ya sayo allon wajen ƙafar gadon.

Wuyan ne ya ba shi wuya fiye da komai. Ƙananan sandunan ƙarfen da ke jere a kansa kowanne da gurbinsa, in ka kauce da kaurin gashi sauti ya karkace. Wata uku yana awo yana sakewa. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya naɗa masa siririyar wayar tagulla a kan maganaɗisu, ya koya masa liƙa waya da dalma, yana yi yana tsiya wai tsufa ya zo da sabon salo. Sai da aka zo fenti sannan Sai-Ya-Bushe ya shiga gonarsa. Babu hoto, babu samfuri, daga ƙwaƙwalwarsa ya haɗa jan nan, ɗigon baƙi, ɗigon ruwan ƙasa, har sai da ya ga launin ya sa gabansa ya faɗi. Ya fesa, ya bari, ya goge da samfefa mai laushi, ya sake fesawa, har shafi tara. Ya rataye gangar jikin a ƙugiya ya rufe taga saboda ƙura. Irin wannan fenti wata guda yake so kafin a taɓa shi.

Kwana biyu da shafin ƙarshe 'yar Yaya ta zo gaishe su. Ma'aikaciyar jinya ce, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, tun rasuwar mahaifiyarta kuma take fama da uban ya bi ta.

"Baba Ƙarami, ya dai yarda. Takardu sun fito. Ranar Laraba ta sama za mu tashi."

Ya ƙirga a zuci. Kwana tara. Ya yi mata fatan alheri, ya raka ta bakin titi, ya dawo ya shiga ɗakin ajiya ya kai hancinsa jikin jitar, kamar hancin zai yi masa ƙarya yau ɗaya. Warin tina ya doke shi har cikin ido.

Kwana bakwai yana shiga yana shinshinawa. A na takwas ya wanke hannu, ya shimfiɗa tsohon zanen matarsa a kan tebur, ya sauke jitar daga ƙugiya. Matar ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ne kuwa? Ai bai bushe ba."

"Na sani."

Ya ɗaura wuyan, ya zaunar da maganaɗisun, ya ja tsirkiya shida, yana riƙe gangar da gefen tafin hannu kamar mai ɗaukar jariri. Rabonsa da taɓa ɗanyen fenti tun ranar da jak ya zame.

Washegari da hantsi Yaya ya zo sallama, da sabuwar riga da askin tafiya. Suka sha shayi. Sai ƙanen ya ce ya zo ya ga wani abu a baya. Yaya ya shiga ɗakin yana toshe hanci, ya ga abin da ke kan tebur, ya tsaya. Idonsa ya bi jan, ya bi wuyan da ya kalli ɓangaren da bai saba ba, ya sauka a kan hannunsa na dama.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"Na ce maka ina so?"

"Ba ka ce ba. Ni ne nake so." Ya dafa teburin. "Ni na raba ka da kiɗa. Shekara ashirin da shida ban iya ce maka ka yafe mini ba, don na san za ka ce ba komai. Ni kuwa da komai."

Yaya ya ja kujera ya zauna. Ya miƙa hannun hagun nan ya damƙi gefen jitar ya ɗora a cinya, ƙanen ya buɗe baki zai ce a yi hankali da fentin, ya haɗiye. Aka jona waya a tsohuwar lasifikar mai gyaran rediyo. Yaya ya ɗora yatsun dama a wuyan, ya kaɗa.

Gaskiya ɗaya ce, abin bai yi daɗi ba. Kai ya san hanya, hannu baƙo ne. Tsirkiya ta yi ƙara kamar ƙofar da ba mai. Ya sake, ya sake, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can sai sauti huɗu suka fito a jere, tsaf, farkon waƙar da yakan buɗe gwaji da ita a ɗakin sama. Huɗu kawai, na biyar ya kufce. Sai-Ya-Bushe ya samu kansa zaune a dokin ƙofa, hawaye na bin gemunsa, bai ma san lokacin da ya zauna ba.

"Ji shirme," in ji Yaya, yana dariya yana share ido da hannun riga. "Da tsufana ka mayar da ni ɗan koyo. Kai kuma, Ƙane, ka ji da kyau. Na yafe maka tun a gadon asibiti. Amma ƙarya nake in na ce ban yi kewarta ba. Kullum sai na yi."

Suka kawo tsohon akwatin don a saka ta. Ko ba a gwada ba an san ba za ta zauna daidai ba, shatin na dama ne, ƙyallen kuma zai manne wa fentin tun kafin a kai filin jirgi. Yaya ya kai hancinsa jikin jitar ya shinshina, ya kwaikwayi muryar ƙanensa. "Sai ya bushe."

Bayan mota ta tafi da Yaya ne ƙanen ya ɗaga jitar zai mayar ƙugiya, ya ga abin da ya faru. A fuskarta ga sawun babban yatsa ya nutse cikin jan. A bayanta sawu biyu, manuniya da ƙaramin yatsa, da fili tsakaninsu.

Aikin rabin yini ne a wurinsa, a goge a sake fesawa. Da wata ya cika, wari ya ɗauke, ya zauna ya goge jitar har tana nuna fuska, ya zagaye wuraren nan uku bai taɓa su ba. Matarsa ta ɗinka mata jaka mai laushi daidai jikinta. Kowace safiya kafin ya fita yakan shiga ya ɗaure tsirkiyar da ta saki, ko da yake shi ko sauti ɗaya bai iya fitarwa ba.

Ranar Lahadi Yaya yakan kira. Ya ce sanyi ya yi yawa, shayinsu ba daɗi, ya ce ya zana layi shida a jikin wani katako yana horar da hannun dama, 'yarsa na cewa ya zautu. A kiran wata na uku ya ce akwai abokin aikinta da zai zo gida hutu, zai iya taho masa da jitar.

"Ya bushe dai ko?"

Sai-Ya-Bushe ya dubi jitar a jikin bango, ta bushe ƙayau tun makonni da suka wuce. In ya ce e, baƙo zai zo ya saɓa ta a kafaɗa, sauti na biyar kuma a can wani ɗaki za a kaɗa shi, inda babu dokin ƙofar da zai zauna. Matarsa ta tsayar da keken ɗinki tana kallonsa.

"Da saura, Yaya."

Yaya ya san fenti ba ya wata uku, tare da mai fenti ya yi rabin rayuwarsa.

"To," ya ce a hankali. "Kar ka ba kowa. Zan zo in shinshina da kaina."